Kada Mu Raina Namijin Dabino

Manoma da yawa suna ɗaukar namijin dabino tamkar cima-zaune, tunda ba ya yin 'ya'ya. Da zarar ya bayyana, sai a sa masa gatari. A ganina wannan asara ce, domin ba a samun dabinon kirki sai garin furen namiji ya isa ga furen mace.

Gaskiya ne dabinon da aka shuka daga ƙwallo kusan rabinsa maza ne, kuma suna cin wuri da ruwa. A rage su, amma a zaɓi na bari. Idan da hannu za a yi barbara, namiji ɗaya mai ƙarfi yakan ishi mata kamar 50. Tun 1928 masanin tsirrai Walter Swingle na Amurka ya bayyana cewa garin namiji yana shafar girman 'ya'yan da lokacin nunarsu. Ashe ba kowane namiji ne uban ƙwarai ba.

Matsalar ita ce, ba kullum namiji da mace suke buɗewa tare ba, ga shi furen mace ya fi karɓar gari a kwana biyu zuwa huɗu bayan kubensa ya tsage. Wanda ba shi da ajiya, lokaci zai wuce shi.

Saboda haka a yanke furen namiji da kubensa ya fara tsagewa. A shanya silinsa bisa takarda a inuwa, inda babu laima ko iska, har ya bushe. A kakkaɓe garin cikin busasshiyar kwalba, a rufe ruf, a rubuta itacen da ranar ɗiba. A ɗaki yakan yi 'yan watanni, a firji kuwa yakan kai shekara. Wajen amfani, a dangwala da auduga a cusa tsakanin silin furen mace, a ɗaure sako-sako, bayan raɓa ta bushe.

Kira na musamman ga malaman gona: ba kowane manomi ke da firji ko namijin kirki ba. Ku taimaki ƙungiyoyin manoma su tantance mazan da suka fi kyau a yankinsu, su tanadi ma'ajiya guda, su riƙa rabawa juna tare da rubuta sakamakon kowane itace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin furen bana ya fito, a zauna a tsara wannan aiki.