SHARHI: Ƙaramin yaro da gidan yari, darasi daga Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya

A watan Nuwamba na 2024, jama'ar ƙasar nan sun ga yadda aka gurfanar da waɗansu yara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, bayan zanga-zangar watan Agusta, har wasunsu suka yanke jiki suka faɗi. Daga baya aka sake su. Amma tambayar da abin ya tayar tana nan: me ya kamata a yi da yaron da ake zargi da laifi?

Ingila ta sha fama da wannan tambaya a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. A lokacin, yaro ɗan shekara 7 yana iya fuskantar shari'a, kuma akan kulle yara tare da manyan ɓarayi. Sai su fito sun ƙware a sata fiye da yadda suka shiga. A 1838 aka buɗe kurkukun Parkhurst domin samari zalla, daga can kuwa aka yi ta kwasarsu zuwa Ostireliya.

Wata baiwar Allah mai suna Mary Carpenter, 'yar wani mai wa'azi a garin Bristol, ta dage cewa yaro tarbiyya yake bukata. Ta buɗe makarantar gyaran hali a Kingswood a 1852, sannan ta 'yan mata a Red Lodge a 1854. A wannan shekarar majalisa ta yi dokar da ta ba alƙalai ikon tura yaron da bai kai shekara 16 ba makarantar gyaran hali, daga shekara 2 zuwa 5, inda zai koyi karatu da sana'a. Aka kuma ɗora wa iyaye biyan wani abu na ciyar da shi.

Sai dai dokar ta bar baya da ƙura. Dole yaro ya fara yin aƙalla kwana 14 a kurkuku, kuma ba a soke wannan zaman kurkuku gaba ɗaya ba sai a 1899. Horon waɗansu makarantun ma ya yi tsanani. Yaran da aka tsare a jirgin ruwan Clarence a Liverpool sun banka masa wuta a 1884, aka kuma ƙone wanda ya maye gurbinsa a 1899.

Daga wannan tushe ne aka samu kotunan yara a 1908, da tsarin Borstal wanda muka gada, har muke da gidansa a Kakuri, Kaduna. Muna kuma da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Ashe doka ba ita muka rasa ba.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kamata hukuma ta raba yara da manya a wuraren tsaro, ta kuma hanzarta shari'arsu. Mu kuma iyaye da ikilisiyoyi, mu riƙa ziyartar waɗannan yara, mu nemar musu wurin koyon sana'a ranar da suka fito.