Sai an je Kano ne waƙar Gusau za ta yi daɗi?

Duk wanda ke bibiyar matasan mawaƙan Zamfara a TikTok da Audiomack ya san wannan ƙorafin: murya zaƙwai, baiti ya zauna, amma da ka saka iyafis sai ka ji tsaki da wani gurnani a ƙarƙashin kiɗan. Nan take masu kwament su yanke hukunci, wai situdiyon Gusau ba kayan aiki, a tafi Kano.

Tafiya Kanon nan ba wasa ba ce yanzu. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe kuwa, kowa ya san da addu'a ake bin ta saboda 'yan bindiga. Yaro daga Bungudu zai saka ransa a kasada don waƙar minti huɗu. Sayen sabbin kaya ma ba sauƙi, tunda da dala ake shigo da su, naira kuma ta karye tun Yunin 2023.

To amma shin kayan ne matsalar? Sau da yawa a'a. Ƙaramin saundkad irin Focusrite Scarlett ko Behringer da ke kan teburin furodusan unguwa ya isa a fitar da waƙa tsaf. Inda gizo ke saƙar shi ne saiti.

Na farko, ƙarfin shigar murya. Wasu na murɗa maɓallin har fitila ta yi ja, a zatonsu ƙara ita ce inganci. Da ja ta kama, murya ta fashe, kuma babu miksin da zai ɗinke ta. A ɗauka a bit 24, a bar ƙololuwar murya tsakanin desibel -12 da -6. Spotify da YouTube ma suna rage waƙar da ta cika ƙara, ka ga an yi ba a yi ba ke nan.

Na biyu, bafa. Idan mawaƙi na jin muryarsa a hedifon bayan ya riga ya furta, dole ya saɓa wa kiɗa, musamman idan an kunna masa Auto-Tune. Bafa 1024 a kilohaz 48 na jawo jinkirin kusan milisakan 21 a shiga kawai. 128 kuwa bai kai 3 ba. Lokacin ɗauka a sauke shi zuwa 128 ko 256, lokacin haɗa sauti a mayar da shi sama. Mai FL Studio ko Cubase a Windows ya zaɓi direban ASIO na kamfanin saundkad ɗinsa.

Na uku ya shafi 'yan fim. Waƙar saurare an saba ɗaukar ta a kilohaz 44.1, bidiyo kuwa 48 yake so. Idan aka karanta fayil ɗin 44.1 a matsayin 48, waƙar za ta ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari, murya ta sirance, bakin jaruma ya rabu da baiti. Tunda yawancin waƙoƙinmu a YouTube suke ƙarewa, a fara da 48 kawai a huta.

Gurnanin nan kuma, yawanci na wuta ne. In NEPA ta ɗauke aka tada janareta, ga ƙararsa ta bango, ga dattin wutarsa a waya. A cire cajar laftof lokacin ɗauka, a yi amfani da waya mai baki uku ta makirfo, a nesanta ta da wayar wuta.

Gaskiya ɗaya ce: akwai abin da saiti ba ya gyarawa. Ɗakin siminti mai amsa kuwwa sai an lulluɓe shi da katifa ko labule mai kauri, kunnen furodusa kuma sai da koyo.

Ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi na Rawayya ba ta rasa murya ba. Kafin ka biya kuɗin motar Kano, zauna da furodusanka ku buɗe shafin saiti ku duba abubuwan nan huɗu, ku sake ɗaukar baiti ɗaya, ku saurari tsohon da sabon.