Ra'ayinmu: Ba A Noman Rani Cikin Tsoro

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu taron da za a yi kan aikin gona face an ambaci injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Lalle abu ne mai kyau, ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, rana kuwa Allah Ya hore mana ita. Amma kafin a ci gaba da tafi, muna roƙon mai karatu ya waiwayi Bakolori.

An gina wannan madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin. An nufi ta shayar da gonaki hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun, ta kuma ba da wutar lantarki megawat 3 daga ƙarfin ruwa. Ashe ke nan wutar da ba ta gurɓata iska, wadda ake ta ɗoki a kanta yanzu, ta riga ta iso wannan yanki shekaru fiye da arba'in da suka wuce.

To, me ya faru? An tashi dubban mutane daga gidajensu, an hana manoma shuka a gonakin gado, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Da suka gaji suka datse hanyoyin aikin. Ran 28 ga Afrilu, 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba, manoma suka ce sun haura 380. Daga nan amana ta karye. Na'urorin feshin ruwa da aka kashe wa maƙudan kuɗi suka lalace, mafi yawan filin ya koma jiran damina. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da ba Nijeriya rance don gyara manyan ayyukan ban-ruwa, har da na Bakolori. Sai dai gyaran ya zo daidai lokacin da ta'asar 'yan bindiga ta game Zamfara. A 2021 kaɗai, an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe cikin Fabrairu, aka kwashe ɗalibai 15 daga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin Agusta, sa'an nan ɗalibai 73 daga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun ran 1 ga Satumba. A watan nan ne aka katse layukan tarho a jihar, aka rufe kasuwannin mako.

A nan ne ɓarnar take. Sabuwar dabara ba ta kankama sai an gwada ta shekara bayan shekara, an ga inda ta gaza, an gyara. Malamin gona da ke tsoron hanya ba zai je ya auna ruwa ba. Makanikin da zai gyara injin ba zai kwana a ƙauye ba. Manomin da 'yan bindiga ke aza wa haraji kafin ya girbe shinkafarsa ba zai ci bashi ya kafa faifan sola a fili ba, don kuwa tallan dukiyarsa zai yi. Kwalejin da ya kamata ta horar da masu ƙirƙira, ita kanta tsaro take nema.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Zamfara da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su lissafa tsaron gonaki da hanyoyi da makarantu cikin kuɗin kowane aiki, tun daga takarda. Kada a sāke kawo wa manomi wata na'ura ba tare da an zauna da shi ba, a ji ta bakinsa kan gonarsa da rabon ruwa. A kuma koya wa samarin yankin haɗawa da gyara, domin aiki ya ci gaba ko baƙo bai zo ba, su ma su sami sana'ar da za ta raba su da daji.

Mu kuma ɗalibai da ƙananan ma'aikata, gobe a hannunmu fayilolin nan za su faɗo. Duk wanda aka miƙa wa tsarin aiki ya sa hannu, to ya fara tambaya: gonar wa za a taɓa, wa zai gyara in ta lalace, wa zai tsare mai gyaran? In babu amsa, ya mayar da fayil. Ba a fafe gora ranar tafiya.