Mawaƙi Mai Zaman Kansa, Da Haƙƙinsa A Kanmu

A Amurka da Ingila akwai wani rukunin mawaƙa da su ke ƙirƙiro waƙarsu da kansu, su kaɗa jita da hannunsu, su bi gari gari suna rerawa a ƙananan ɗakunan taro, ba su jingina da manyan kamfanonin faifai irin su Universal da Sony da Warner ba. Kuɗin ƙofa da jama'a su ke biya shi ne yawancin abincinsu. Waɗansu samarinmu suna ɗaukar wannan baƙon abu ne, alhali kuwa mun daɗe da irinsa.

A da, mawaƙi da ubangidansa a ke saninsa, kamar yadda a ka san Narambaɗa da Sarkin Gobir na Isa. Amma Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda a ka haifa a Bukur a 1946, bai tsaya ga fada ba. Kayan aikinsa duka kuntigi ne mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ba makaɗa. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya yi faɗakarwa a kan auren dole da gulma, har ya rasu a 2015 talakawa ba su gaji da shi ba. Alhaji Mamman Shata kuwa, da ya rasu a 1999, a tsakiyar fage ya kan ƙaga waƙa nan take, masu kalangu suna biye da shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Yau hanya ta yi sauƙi. Yaro ya kan shiga sutudiyo a Kano ko Kaduna, kwamfuta ta yi masa kiɗa, ta gyara masa murya, kafin gari ya waye waƙar ta kai Yamai da Kumasi ta wayar hannu. Ba mu ƙi wannan ba. Amma akwai abu biyu da mu ke so a duba.

Na farko, sau da yawa in an kira wasa, sai a kunna waƙar da a ka riga a ka ɗauka, mawaƙi ya riƙa motsa baki yana taka rawa. Wannan ha'inci ne ga wanda ya biya kuɗinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fage shi ne wurin da a ke gane mai murya. In an ce ɗaukar makaɗa yana da tsada, sai mu ce, nawa ne kuɗin kuntigi?

Na biyu ya fi nauyi, kuma laifin namu ne. Mu kan tura wa juna waƙa kyauta, ba mu biya ko kwabo. Mawaƙin da jama'a ba su ciyar da shi ba, tilas ya nemi mai ciyar da shi, galibi kuwa ɗan siyasa ne. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Ta haka bakin da ya kamata ya faɗi kukan manomi da ɗan dako ya kan koma yabon mutum ɗaya da zagin abokin hamayyarsa.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da ma'aikatan ofis, tun da ya ke su ne idon gari, su shige gaba. A buɗe wa matasa masu waƙar kansu ɗakunan taro, a sa kuɗin shiga daidai ƙarfin talaka, a kuma kafa sharaɗi cewa da muryarsa mutum zai yi, ba da na'ura ba. Hukumomin al'adu na jihohi su ma su taimaka da wuri. In mun biya mawaƙi, ya zama namu, ya faɗa mana gaskiya ba da tsoro ba. Allah ya sa a gyara.