Wa Zai Kai Labari In Waya Ta Tsinke?

Jawabin kimiyya na yau daga birnin Riyad yake, kuma a kan wani ɗan al'amari ne wanda ba a cika kula da shi ba sai ranar da ya jawo hasara.

A Riyad, kamar a Kano ko Yamai, kowane banki da asibiti da babban kanti yana da ɗaki guda inda ake ajiye manyan kwamfutocin da ke riƙe da lissafinsa. Ba mutum ke zaune yana kallonsu dare da rana ba. Wata manhaja ce ke gadi, irin su Nagios da aka fara a Amurka a 1999, ko Zabbix ta ƙasar Latbiya wadda ta fito a 2001. Aikinta shi ne ta riƙa tambayar kowace na'ura lafiyarta bayan 'yan mintoci. In ta ji shiru, ko ta ga zafin ɗakin ya hau, sai ta sanar da injiniya. A garin da zafin bazara kan kai digiri 45, in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya da tsakar dare, ba a jiran gari ya waye.

To, ta wace hanya wannan sanarwa za ta isa aljihun injiniya? Galibi saƙon tes aka fi so, domin ko wace irin wayar hannu tana karɓarsa, ba ya kuma bukatar intanet a wajen mai karɓa. Tun ran 3 ga Disamba 1992, da aka aika na farko a Ingila ta layin Vodafone, yake wannan hidima. Amma hanyoyin aika shi uku ne, kuma ba ɗaya suke ba.

Ta farko, manhajar ta rubuta imel, kamfanin waya ya mai da shi tes. Tana da araha, amma alfarma ce kamfani yake yi, ranar da ya ga dama sai ya janye. Kamfanin AT&T na Amurka ya rufe tasa a watan Yuni 2025.

Ta biyu, a yi ciniki da dillalin saƙo, kamar Unifonic na nan Riyad ko Twilio na Amurka. Manhajar ta miƙa masa saƙo ta intanet, shi kuwa ya isar ta layukan STC ko Mobily ko Zain. Hanya ce mai sauri, tana ɗaukar saƙo dubbai, tana kuma ba da shaidar isarwa. A Saudiyya sai an yi rajistar sunan mai aikawa tukuna, bisa ƙa'idar hukumar sadarwa ta ƙasar.

Ta uku, a sayi 'yar na'urar da ake kira modem, a sa mata katin SIM, a jona ta da kwamfutar da ke gadi. Ita kanta take magana da turken sadarwa, kamar wayar hannu.

Yawancin ma'aikatu sukan tsaya a kan ta biyu kaɗai, saboda sauƙinta. Wannan kuwa kuskure ne babba. Dalili shi ne, ta farko da ta biyu duka ta intanet suke fita daga gida, alhali kuwa intanet ɗin nan yana cikin abin da ake gadi. Wanda ya sa mai gadi ya tsare gada, ya ce in ta karye ya bi ta kanta ya kawo labari, ai bai shirya jin labari ba.

Wannan ba zato ba ne. Ran 4 ga Oktoba 2021 Facebook ya ɗauke wajen awa shida, kayan aikin da injiniyoyinsa za su duba matsalar da su ma suka tafi tare da shi. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. A watan Satumba 2025 kuma wasu suka tsinke a Bahar Maliya kusa da Jidda. Wanda dillalinsa ke ƙetaren teku, a irin wannan rana saƙonsa na iya makara. Wanda dillalinsa ke cikin gari ma, in motar haƙa ta datse wayar da ta shiga ofishinsa, shi ke nan, ya yi shiru.

Masu sukar modem suna da hujja, ya kamata a saurare su. Ba ta da sauri. Ɗakin kwamfuta sau da yawa a ƙarƙashin gini yake, inda sabis ba ya shiga sai an ja eriya waje. Katin SIM kuma in kuɗinsa ya ƙare, ko ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, sai a rufe shi ba wanda ya sani. Har ila yau layin waya shi ma yakan mutu. A watan Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya bisa umarnin hukuma. Duk wannan gaskiya ne. Amma abin da ya nuna shi ne, ba hanya guda da ta isa a dogara da ita kaɗai.

Saboda haka ga abin da ya fi dacewa. A bar dillali ya ɗauki sanarwar yau da kullum. A ajiye modem da batirinta, in da hali da kati biyu na kamfanoni dabam dabam, domin ranar da intanet ya yanke. Sa'an nan a sa wata kwamfuta a wani gari wadda za ta riƙa jiran gaisuwa daga mai gadin kowane minti biyar, in gaisuwa ba ta zo ba ita ta yi kururuwa. Kowane mako, a rana sananniya, a aika saƙon gwaji ta kowace hanya, a tabbata ya isa.

Saura abu biyu. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160 na boko, amma da Larabci 70 kaɗai. Haka nan in aka sa ƙ ko ɗ ko ɓ ko da guda ɗaya, saƙon duka ya koma ma'aunin 70. A taƙaita, a faɗi wace na'ura ce, me ya same ta, da ƙarfe nawa. Kada kuma a tashi mutum daga barci kan ƙaramin abu. Injiniyan da wayarsa ta yi ƙara sau hamsin a dare kan banza, zai kashe ta kafin na gaske ya zo.

Kuɗin modem da kati biyu bai kai hasarar awa guda da banki zai yi a rufe ba. Mai ma'aikata ya tambayi injiniyansa gobe da safe: in aka zare wayar intanet yanzu, wa zai sani, kuma cikin minti nawa? In an rasa amsa, a zare ta a gani. Wassalam.