Gida Mai Wayo Ba Wuta? A Fara Daga Batir

Duk ƙarshen zango, idan aka zo baje kolin furojet, sai ka ga tebur cike da "gida mai wayo": fitilar da ke kunna kanta, famfon da ke tsayawa idan tanki ya cika, kyamarar da ke turo hoto waya. Ina yaba wa 'yan uwana ɗalibai, domin aikin ba ƙarami ba ne. Amma tambayata ɗaya ce: idan NEPA ta ɗauke, wa zai riƙe wannan wayon?

Mu ɗauki Auyo misali. Gari ne a bakin Kogin Haɗeja, inda ruwan Tiga da Challawa ke bi, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba ya buƙatar dogon bayani. A irin wannan wuri, na'urar da ta fi kowace amfani ita ce mai auna hawan ruwa ta buga ƙararrawa cikin dare. To, daren da ake tafka ruwa da iska shi ne daren da wutar KEDCO ta fi saurin ɗaukewa. Ƙararrawar da ta dogara da soket za ta yi shiru daidai lokacin da ake buƙatarta. Kada kuma mu manta da Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu.

Wani zai ce ai akwai janareta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, gida nawa ne ke iya barinta ta kwana a kunne? Kuma sai mutum ya tashi ya ja igiya, ke nan wayon ya koma hannun maigida. Ga hayaƙinta mai kisa idan aka shigar da ita ɗaki gudun ruwan sama. UPS ɗin kwamfuta kuwa na mintuna ne, ba na kwana ba.

Ni a ganina, mafita ita ce ƙaramin batir da farantin sola, a ware su don waɗannan na'urori kaɗai. Mu yi lissafi. A ce rauta da kyamarori biyu da Arduino suna cin wat 25. Batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200. Idan na ruwa ne, rabi kawai ya kamata a sha don kada ya mutu da wuri, wato 600. Raba 600 da 25, ka samu awa 24. Yawancin waɗannan kaya da wutar DC suke aiki, don haka a ba su kai tsaye ta fiyus da na'urar daidaita bolt. Inbata ita ma tana cin nata rabon. Amma fa ranar da aka jona firiji ko dutsen guga, lissafin ya rushe.

Na san za a ce batirin litiyam ya fi, kuma gaskiya ne: ya fi daɗewa, ana iya shan mafi yawan cajinsa. Sai dai kuɗinsa ba na aljihun kowa ba ne. Mai hali ya saya. Marar hali ya riƙe na ruwa, ya sama masa inuwa da iska, domin zafin Afrilu irin namu yana rage masa kwana sosai. A riƙa goge ƙurar hunturu daga farantin. Sannan a ɗaga batirin sama a jikin bango. Wanda ya ajiye shi a ƙasa a Auyo, kogi ya saya wa.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ita ce ta roƙi sassan injiniya su sa sharaɗi: duk furojet na sarrafa gida ya zo da lissafin wutarsa, kuma ranar gwaji a zare fulogi a gaban malamai a ga abin da zai faru. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanenmu na Auyo da Kafin Hausa da Guri ba ado suke nema ba. Abin da zai tashe su kafin ruwa ya shigo ɗaki suke so.