Gwangwanin Maganin Kaka

Ranar da na zazzage gwangwanin da kakata take ajiye magani a ɗakinta a Dayi, jikina ya yi sanyi. Na tarar da ƙwayoyin hawan jini da wa'adinsu ya ƙare shekara biyu da suka wuce, da maganin ɗigawa a ido da aka buɗe tun damina, da wasu ƙwayoyi a ƙullin leda, ba suna ba kwanan wata. Kullum tana sha, mu kuma muna mamakin yadda jinin ya ƙi sauka.

A Turai akan kai tsofaffi gidajen kulawa, inda ma'aikatan jinya ke lissafin kowace ƙwaya. Mu kuwa muna alfahari da cewa ba ma raba iyayenmu da ɗakunansu. Madalla. Amma wanda ya ƙi miƙa amana ga wani, ai ya ɗora ta a kansa ke nan. Shin mun riƙe ta?

Manomin Malumfashi ba ya shuka irin masarar da ya sha shekaru a rumbu, domin ya san ba zai tsira yadda ake so ba. Don me ya yarda cewa iri yana mutuwa, amma ya ƙi yarda cewa magani yana mutuwa? Yawancin ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da ma'aunin zafi 30, alhali ɗakin kwano a watan Afrilu yakan haura 40. Maganin ido kuwa, galibi mako huɗu ne ƙa'idarsa bayan buɗewa.

Za a ce mini magani ya yi tsada, zubar da shi asara ne. Na yarda da tsadar. Sai dai araha ba ta ado. Maganin hawan jinin da ƙarfinsa ya ragu yaudara ce: tsohuwa na ganin ta tsare kanta, shanyewar ɓarin jiki kuwa na matsowa. Wace asara ce ta fi wannan?

Za a kuma ce aikin hukuma ne. Gaskiya ne tun 1993 aka kafa NAFDAC, kuma takan ƙona lalatattun magunguna a bainar jama'a. Amma jami'inta ba zai leƙa ƙarƙashin gadon kaka ba. Mu jikoki da muka yi boko mu ne masu iya karanta ɗan rubutun nan na gefen kwali.

Don haka mu riƙa bincika gwangwanin duk wata. Kada mu karɓi ƙwaya a leda sai mai kemis ya rubuta sunanta da wa'adinta. Wanda ya lalace mu kai wa ma'aikatan asibiti, kada mu watsar a bola inda yara ke wasa. Tsohon da ya ba mu abinci bai taɓa ba mu ruɓaɓɓe ba.